Ga Mai Burin Tuƙa Jirgin Sama: A Fara Lissafi Daga Ƙarshe

Ƙannena samari da 'yan matan Mai'adua da sauran ƙasar Daura, sha'awar tuƙa jirgin sama ta daɗe a arewa, kuma ba abin da za a yi wa dariya ba ce. Tun watan Nuwamba na 1925, da jiragen sojan Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano, idon mutanenmu yake a sama. Iyayenmu ta dalilin aikin Hajji suka san cikin jirgi. Ku kuwa kun taso kuna jin ƙarar jirage masu saukar ungulu a Daura duk lokacin da marigayi Muhammadu Buhari ya zo hutun Sallah, sannan waya ta kawo muku hotunan tsaranku sanye da farar riga mai ratsin zinare a kafaɗa, haɗe da tallan makarantun Afirka ta Kudu da Amurka da Jodan masu cewa kafin shekara biyu ka zama matuƙi. Ina so in ga ɗan Mai'adua a kujerar kyaftin, kuma wannan son ne ya sa nake wannan magana. Abin da makarantar waje take sayar maka shi ne lasisi. Aiki yana can gaba, kuma tsakanin su biyun akwai tazara ta kuɗi da ta lokaci wadda talla ba ya ambata. Duk mai son bin wannan hanya, daga ƙarshenta ya kamata ya fara lissafi, wato daga ranar da zai karɓi albashinsa na farko, ya biyo baya har zuwa ranar da zai yi sallama da gida.

Sai an san yadda matakan suke za a gane inda tazarar take. Ɗalibi yana farawa da ƙaramin jirgi mai inji ɗaya da kujera huɗu, irin Cessna 172 ko Diamond DA40. Bayan awa 40 ko fiye a sama, ya ci jarrabawa, sai a ba shi lasisin farko, wanda ya halatta masa ya tashi da jirgi amma bai halatta masa karɓar ko kwabo a kan tuƙin ba. Daga nan zai ci gaba da tara awoyi, ya koyi tafiya da dare, ya koyi tuƙi da na'urori kaɗai a lokacin da hazo ko gajimare ya rufe masa ƙasa, ya koyi sarrafa jirgi mai inji biyu ko da ɗayan ya mutu. Idan ya kai kamar awa 200, sai ya samu lasisin kasuwanci, wanda ake kira CPL. A nan yawancin makarantu suke ɗaukar hoton yaye ɗalibai, a nan kuma dangi suke ɗauka an gama. Amma lasisin da ke ba mutum damar zama kyaftin a jirgin fasinja, wato ATPL, sai ya tara awa 1,500 kuma ya kai shekara 21. Kowane matuƙi yana da littafin da yake rubuta tafiyarsa a ciki: kwanan wata, samfurin jirgi da lambarsa, inda aka tashi da inda aka sauka, awoyin rana da na dare, da sa hannun malami. Wannan littafi shi mai ɗaukar ma'aikata yake fara buɗewa, ya wuce kai tsaye zuwa shafin ƙarshe ya duba jimilla. Wanda jimillarsa ta tsaya a 200 ya san yana ƙasan layi.

To ga ka ka dawo gida da lasisin Afirka ta Kudu ko na Jodan. Ba za ka tuƙa jirgin da aka yi wa rajista a Najeriya da shi ba sai hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta tantance shi ta mayar maka da shi na gida, kuma wannan yana da jarrabawarsa da gwajin lafiyarsa da kuɗinsa. Bayan haka sai babban shinge. Kamfanonin da kake hange ba su da Cessna. Boeing 737 suke da shi, ko Embraer, ko Airbus, kuma kowane samfuri yana da horonsa na musamman da matuƙa ke kira taif-retin. Jirgin da ka koya da shi bai fi nauyin ƙaramar mota ba, wanda za ka hau kuma ya haura tan 60, yana gudun kilomita 800 a awa, ga rayuka sama da 100 a bayanka. Horon ya ƙunshi makonni a aji, sannan zama a na'urar kwaikwayon tuƙi inda malami zai kashe maka inji ana tsaka da tashi, ko ya kunna maka ƙararrawar gobara, ya ga yadda za ka yi. Sannan tashi da sauka da jirgin gaske babu fasinja. Sannan tafiye-tafiye a gefen kyaftin mai koyarwa har ya sa maka hannu. Kuɗin wannan kaɗai yakan kai dubban daloli masu yawa, kuma sau da dama sabon matuƙi ake cewa ya biya da kansa. Ga kuma inda gizo ke saƙa: in ka biya wa kanka horon Boeing, sai kamfanin da ke ɗaukar mutane a bana ya zama mai Embraer ne, kuɗinka sun tafi a kan samfurin da ba shi ake nema ba.

Ba daga nesa muka jiyo wannan ba. A 2013 gwamnatin Kano ta Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 zuwa birnin Amman na ƙasar Jodan don koyon tuƙin jirgi. Niyya ce mai kyau, kuma samarin sun yi ƙoƙari, sun dawo da lasisinsu. Wasu daga cikinsu yau suna tuƙa jiragen fasinja, abin alfahari ga arewa baki ɗaya. Amma jaridu sun yi ta ba da labarin yadda da yawansu suka share shekaru suna jira, saboda ba su da kuɗin sauya lasisi da na horon samfurin jirgi, kamfanoni kuma ba su da gurbin sababbin hannu masu yawa haka a lokaci guda. Ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jirage ta ƙasa, NAAPE, ita ma ta sha kokawa kan matasan da ke riƙe da lasisi suna zaune a gida. Ku duba fa: waɗannan gwamnatin jiha ce ta biya musu kuɗin makaranta, ba a sayar da gonar kowa ba, duk da haka tazarar ta riƙe su. Ina ga wanda mahaifinsa ya kaɗa garken gida kasuwa ya biya? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wani abin da ya bambanta wannan takarda da digirin jami'a shi ne ba ta jure ajiya. Mai digiri zai iya sa shi a akwati shekara biyar ya ɗauko shi yadda ya bar shi. Matuƙi kuwa, shaidar lafiyarsa ta shekara ɗaya ce, izinin tuƙi da na'urori yana da wa'adin sabuntawa, kuma doka ba ta yarda ya ɗauki fasinja ba sai ya yi tashi da sauka uku a cikin kwana 90 da suka wuce. Hannu ma yana mantuwa. Saboda haka zaman jira ba kyauta ba ne. Kowace shekara sai ka nemo kuɗin hayar jirgi da na likita da na jarrabawa don kawai ka tsaya inda kake. Kuma duk wannan harka da dala ake yin ta. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. A ce makaranta ta yanka maka dala 60,000. A lissafin farko naira miliyan 27 da ɗoriya ke nan, a na biyu kuwa miliyan 90. Iyalin da ya tura ɗansa da lissafin farko ya wayi gari kuɗin sun ƙare yaro yana tsakiyar karatu, kuma rabin horon tuƙi ba ya sayuwa a ko'ina.

Sai kasuwar aikin kanta. Kamfanin jiragen sama a Najeriya ba ya cika tsawon rai. Nigeria Airways, wanda a da shi ke ɗaukar matasa ya horar da su ya ba su aiki, an rufe shi a 2003. Okada da Bellview da Sosoliso da Albarka da Chanchangi na Kaduna da Kabo na Kano, duk sun yi zamaninsu sun wuce. Air Nigeria ya tsaya a 2012. Arik, da ya taɓa zama mafi girma a ƙasar, hukumar AMCON ta karɓe shi a 2017 saboda bashi. Kamfanin ƙasa da aka ƙaddamar da sunansa a 2018 bai kai ga ɗaukar fasinja ba. A 2020, da annobar korona ta tsayar da zirga-zirga, har kyaftin-kyaftin masu shekaru a aiki aka sallama. Gaskiya ne akwai masu tasowa: Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal ɗan jiharmu, da Air Peace, da Ibom Air, da Rano Air na Kano da ya fara jigila a 2023. Amma duk ranar da kamfani ya durƙushe, matuƙansa masu dubban awoyi suna shiga layin neman aiki, kuma a gabanka za su tsaya.

Wani zai ce, ai duniya na fama da ƙarancin matuƙa, kamfanin Boeing ma ya yi hasashen za a buƙaci sababbi fiye da 600,000 cikin shekara 20. Hasashen gaskiya ne, amma a tambaya wane irin matuƙi ake ƙaranci. Abin da kamfanoni ke rububi a kai shi ne gogaggen kyaftin, kuma a nan gida ma shi ya sa wani lokaci ake ɗauko baƙi daga waje alhali 'yan ƙasa masu awa 200 suna zaune. Kyaftin ɗaya mai koyarwa ba zai iya renon sababbi goma a lokaci guda ba, kamfanonin inshora kuma suna da sharuɗɗansu kan gogewar waɗanda ke gaban jirgi. Batun zama a can waje a yi aiki kuwa, bizar karatu daban take da izinin aiki. A Amurka, tun bayan haɗarin da aka yi kusa da birnin Buffalo a 2009, an kafa dokar da ta ce ko mataimakin matuƙi a jirgin fasinja sai ya tara awa 1,500, in ban da 'yan rangwame kaɗan. Ɗan ƙasar yana cike wannan giɓi ta hanyar zama malamin tuƙi ana biyansa. Baƙo kuwa, in ma ya samu damar koyarwa, mai wa'adi ce. Kamfanonin Turai suna fara tambayar ko kana da izinin zama da aiki a ƙasashensu. Na ƙasashen Larabawa irin Emirates da Qatar suna ɗaukar baƙi sosai, amma waɗanda suka riga suka tara dubban awoyi a wani wuri. Ke nan kusan kowace hanya gida take dawo da kai don aikin farko, kuma da kasuwar gida ya kamata ka yi lissafi.

Wani kuma zai ce, to me ya sa mutane ke tsallake kwalejin koyon tuƙi ta Zariya su tafi waje in ba don wajen ya fi ba? Wannan tambaya tana da hujja, kuma ba zan rufe ta ba. Kwalejin Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta yaye da yawa daga cikin tsofaffin matuƙan ƙasar nan, har da Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, wadda daga baya ta shugabanci kwalejin (abin da 'yan matanmu ya kamata su riƙe). Amma an daɗe ana kuka da jinkiri a horon gida: ɗalibai da yawa, jirage kaɗan, ga hazon hunturu da ke hana mai koyo tashi kwanaki a jere. A wuraren da sama take garau kusan duk shekara kuma jirage suke da yawa, ana gamawa da wuri, kuma lokaci ma kuɗi ne. A ɗaya hannun, wanda ya yi a Zariya ko a makarantar tuƙi ta Ilorin lasisin gida yake fita da shi kai tsaye, mafi yawan abin da zai kashe da naira ne, kuma malamansa da abokan karatunsa su ne mutanen da gobe za su gaya masa kamfanin da ke shirin ɗauka. A wannan sana'a, sanin wanda zai kai takardarka teburin babban matuƙi ba ƙaramin jari ba ne. Ban ce kada a fita waje ba. Cewa na yi, saurin gama makaranta bai amfana komai ba in saurin zuwa zaman jira ne.

Ku da kuka tashi a gefen kasuwar Mai'adua kun fi kowa sanin irin lissafin da nake nufi. Falken da ke sayen shanu ranar Lahadi don kai wa Legas ba ya zuba duk jarinsa a kan dabbobin. Kafin ya ce ya saya, ya riga ya ware kuɗin tirela, da la'adar dillali, da harajin kara, da abin da za a kashe a hanya, da harawar kwanakin da zai yi in ya tarar da kasuwa ta faɗi. Haka mai son tuƙi zai zauna da iyayensa da takarda da biro ya rubuta kuɗin makaranta, da masauki da abinci, da ƙarin awoyin da kusan kowane ɗalibi yake buƙata sama da abin da aka rubuta a talla, da kuɗin maimaita jarrabawa, da sauya lasisi, da horon samfurin jirgi, da abin da zai riƙe lasisin na shekara biyu in aiki ya yi jinkiri, sannan a bar sarari don hawan dala. In jarin bai kai ƙarshen takardar ba, bai kai ba ke nan, kuma ya fi kyau a gane haka a tsakar gida. Amma tun kafin wannan akwai matakin da kuɗinsa kaɗan ne, mutane kuma suna tsallake shi: gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya a wurin likitan da NCAA ta amince da shi. Likitan zai buɗe maka wani littafi mai shafuka cike da ɗige-ɗige masu launi, a tsakiyarsu an ɓoye lamba. Akwai samarin da suka girma lafiya lau ba su taɓa sanin idonsu ba ya rarrabe ja da kore sosai ba sai a gaban wannan shafi. Za a duba ji da zuciya da hawan jini da suga. Farfaɗiya da cutar sikila suna iya rufe ƙofar gaba ɗaya, tabarau kuwa ba ya hanawa muddin yana gyara gani. Makarantar da ka zaɓa kuma, ka tabbatar hukumar ƙasarta ta amince da ita, ka tambayi NCAA ko tana karɓar lasisinta, ka nemi tsofaffin ɗalibanta 'yan Najeriya ka ji inda suke yanzu. Kada ka biya kuɗin gaba ɗaya a dunƙule; makarantun tuƙi suna rushewa da kuɗin ɗalibai a ciki, a biya mataki-mataki.

Na san akwai wanda zai ji wannan duka ya ce ana kashe wa ɗan talaka gwiwa, ai arziki na Allah ne, in ya rubuta za ka tuƙa ba mai hanawa. Haka ne, babu shakka. Amma addinin da ya koya mana tawakkali shi ne ya umarce mu da riƙon sababi, kuma dukiyar da za a zuba a nan ba ta mutum ɗaya ba ce: gonar gado ce, da kuɗin makarantar ƙanne, da abin da uwa ta tara. Ɗan talaka ne ma ya fi buƙatar wannan lissafi, don ɗan mai kuɗi in ya yi kuskure yana da inda zai faɗa. Kuma hanya ba ɗaya ba ce. Rundunar sojan sama tana horar da matuƙanta da kuɗin gwamnati, ta hanyar makarantar NDA ta Kaduna da makarantunta na koyon tashi a Kaduna da Kano, ga wanda ya yarda da rayuwar soja da haɗarinta. A Zariya ana koyar da gyaran jirage, da kula da zirga-zirgarsu daga hasumiya, da tsara tafiyarsu daga ƙasa, kuɗin karatunsu bai kai na tuƙi ba, kuma akwai waɗanda ta nan suka shiga harkar suka tara kuɗi suka koma tuƙi da idonsu a buɗe. Duk waɗannan ƙofofi mabuɗinsu ɗaya: Turanci da lissafi da fiziks a jarrabawar kammala sakandare. Turancin ma ba na cin jarrabawa kaɗai ba, don da shi ake magana da hasumiya a ko'ina a duniya, kuma akwai matakin ƙwarewa da dole a kai kafin a ba ka izini. In da hali, a yi digiri ko difloma tukuna. Ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya a nan Daura, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina. Shekarun ba za su tsere maka ba, tunda matuƙin jirgin fasinja yana aiki har ya kai 65, kuma sana'ar da gwajin likita guda ɗaya zai iya raba ka da ita tana buƙatar wata a gefenta.

Ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin masarautar Daura da masu hannu da shuni da ke son taimaka wa yaranmu ta wannan fanni, roƙona shi ne a ɗauki kaɗan a kai su har kujera. Matasa biyar da aka biya musu komai har horon samfurin jirgi, aka kuma ƙulla yarjejeniya a rubuce da kamfanin da zai karɓe su tun kafin su tafi, sun fi hamsin da za a yi wa bikin tarba a filin jirgin Katsina a bar su da takarda a hannu. Kai kuma ƙanena, in an yi maka tayin gurbin karatu, ka yi godiya, sannan ka tambaya cikin ladabi a ina tallafin ya tsaya, a kan lasisi ko a kan aiki. In kuwa da kuɗin gida za a yi, kada ka bari a kai sa ko ɗaya kara sai takardar likita ta zo hannunka kuma lissafin ya kai ƙarshen shafi.